Jiran Gurbin Karatun Likita: Kuskuren Da Na Yi A Gidana



'Yan uwa, kun saba ganin rubutuna a wannan shafi a kan sanarwar taro, ko ta'aziyya, ko ɗaurin aure, ko tunatarwar kuɗin wata. Yau kam ba sakatare ne ke magana ba, uba ne. Abin da ya sa na ɗauki waya na zauna rubutu shi ne, cikin mako biyu kacal iyaye huɗu daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun same ni a kan magana ɗaya. Yaro ya ci JAMB da maki mai kyau, yana neman likitanci, sunayen farko sun fito babu nasa, ko na san wani da zai taimaka? Kowannensu na ba shi haƙuri na yi masa addu'a, amma ban gaya wa ko ɗaya abin da ya faru da ni ba, saboda kunya. Daga baya na ga idan na ci gaba da yin shiru har wani ya faɗa ramin da na faɗa, ina da kaso a cikin alhakin.

Maganar 'yata ce ta fari. Kun san al'ada, ba zan kama sunanta ba. Tun tana aji uku na ƙaramar sakandare take cewa likita za ta zama. Dalilinta kuwa mun san shi a gida. Lokacin rashin lafiyar mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ita ce mai riƙe mata jaka da kwanon abinci idan za mu asibiti. Duk sanda aka kira mu ciki, tsohuwa sai ta ja mayafi ta ce, "Yanzu duk faɗin garin nan babu likita mace?" Yarinyar nan ta riƙe wannan magana. Mu kuma muka ɗauki abin da zafi, muka laƙaba mata suna Dakta. Ni na fara, ƙannenta suka ɗauka, goggonninta na Wuro Hausa suka ɗauka, har mai shagon bakin layinmu a Luggere in ta je sayen sabulu sai ya ce, "Dakta, me za a kawo?"

Ni kaina ina da nawa tabon. Da na gama sakandare, zamanin da ake rubuta JAMB da fensir a kan takarda, sau biyu na zauna ban samu jami'a ba. Na yi difloma, na kama aiki, na yi aure, kuma alhamdulillahi da ita nake ciyar da iyalina har yau. Amma ashe abin yana nan kwance a zuciya. Sai yanzu na gane cewa rabin zumuɗin da nake yi a kan karatun yarinyar nan, bashin kaina nake so ta biya mini.

Ta zauna JAMB ta farko a watan Afrilun bara, cikin wannan zafi na Yola da ko a inuwa mutum ba ya samun sakewa. Ingilishi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, su ne darussa huɗu na mai neman likitanci, jimillar maki 400. Ta samu 251. A 2024 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi a ƙasa 140 ne, don haka ni a lissafina an gama. Na sayi lemo da nama na kai gida. A watan Agusta sakamakon WAEC ya fito, ta samu kiredit a darussa biyar ɗin da ake nema a zama ɗaya, har da Lissafi. Aka yi tantancewa a jami'ar da ta zaɓa. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin ba ta yi mana laifin komai ba. Daga nan muka shiga jira.

Wanda bai taɓa wannan jira ba, ba zai san shi ba. Tun 2017 hukumar JAMB ta fito da tsarin da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa ne kawai ake ba da gurbi. Ɗalibi zai shiga shafin da wayarsa, ya ga ko an ba shi, ko ana kan dubawa, ko ba a ba shi ba tukuna. A zamaninmu sai ka shiga mota ka je ka duba allon sanarwa, ko ka jira jarida, saboda haka a mako sau ɗaya zuciyarka ke bugawa. Yanzu allon yana cikin aljihunka. Da asuba bayan salla a duba, da rana a duba, kafin a kwanta a duba. Ni da ke ofis ina kiran gida sau uku a yini, ba don in ji lafiyar kowa ba, sai dai in ce, "An duba?" Da yamma in na dawo, kafin in cire takalmi tambayar ke nan.

Sunayen farko suka fito, babu nata. Aka ce a jira na biyu. Kogin Binuwai da ya cika ya batse a watan Satumba ya fara ja da baya, yashi ya fito a ƙarƙashin gadar Jimeta, hunturu ya shigo, muna nan muna dubawa.

A cikin wannan hali ne na yi kuskure biyu.

Na farko, wata rana saƙo ya bayyana a shafinta cewa jami'a na neman amincewarta a mayar da ita kwas ɗin Bayokemistiri. Yadda tsarin yake, sai ɗalibi ya danna amincewa ko ƙi da hannunsa. In kuma ya karɓi gurbin da aka ba shi, shi ke nan ya fita daga layin sauran a wannan shekara. Ta kawo mini wayar a tsakar gida ta ce, "Baba, ga abin da suka turo, me ka gani?" Ban tambaye ta me ita ta gani ba. Ban tambayi wani malamin jami'a ko likita ba, alhali muna da su a cikin wannan ƙungiya. Na ce, "Ki danna ƙi. Likita muka ce, likita za a yi." Ta danna.

Na biyu shi ne wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. A wata majalisa da nake zama bayan isha'i, wani ya haɗa ni da wani mutum da aka ce yana da hanya. Mutum ne mai tsabta, mai iya magana, ya san sunayen kwasa-kwasai da ofisoshi kamar a can yake kwana. Ya ce akwai kujeru da ake ajiyewa na manya, in an yi abin da ya dace sunan yarinya zai fito a jerin ƙarshe. Ya yanka naira 300,000, muka daidaita a kan 200,000, rabi yanzu, rabi bayan mako guda. Na sayar da tumaki biyu da nake kiwo don babbar salla, na cika da kuɗin adashin maiɗakina da ta ba ni ajiya. Ban gaya mata ba. Bayan kwana goma ya turo mini hoton wata takarda mai tambari da sunan 'yata a jiki. Na yi sujada. Amma da muka shiga shafin CAPS, babu abin da ya canja. Ya ce intanet ce, a ƙara haƙuri. Bayan mako biyu wayarsa ta daina shiga. Wanda ya haɗa mu ya rantse shi ma a majalisa ya san shi.

Aka rufe ɗaukar ɗalibai na wannan shekara. Babu likitanci, babu Bayokemistiri, babu tumaki, babu kuɗin adashi. Sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi a yi amfani da shi baɗi.

Daren da na gaya wa maiɗakina, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, kuɗi dai sun tafi, Allah Ya mayar da alheri. Amma ka lura da yarinyar nan kuwa? Rabonta da cin abinci sosai tun kafin Mauludi. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa gidan ƙawayenta, ko shago ƙaninta take aika. Kowa ya gan ta sai ya ce Dakta yaushe za a tafi." Wallahi ban lura ba. Wata shida ina kallon wayar da ke hannunta, ban kalli fuskarta ba.

Washegari na kira ta na faɗa mata komai, har da maganar kuɗin. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri in tambaye ka. Da a ce mutumin nan da gaske yake, kujerar wa za a cire a ba ni?" Ban sami amsa ba. Sannan ta ce, "Kuma don Allah, Baba, a daina kira na Dakta, har sai in Allah Ya sa na zama."

Wannan tambaya tata ita ta tura ni na zauna na koyi yadda abin yake, abin da ya kamata in yi tun farko. Ga abin da na fahimta, ko zai amfani wani.

Kujerun likitanci ƙidayayyu ne. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta, da ɗakunan gwaje-gwajenta, da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'ar da ta wuce adadinta tana jefa kanta da ɗalibanta cikin matsala. Saboda haka ko shugaban jami'a ƙaninka ne, ba zai ƙirƙiro kujerar da babu ita ba. In an saka wani ta bayan gida, to an tauye ɗan wani ne, wataƙila maraya, wataƙila ɗan maƙwabcinka da ya fi naka maki.

Sannan a jami'o'in gwamnatin tarayya, ƙa'idar rabon ita ce kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Adamawa tana cikin wannan jeri, amma jihohi fiye da 20 ne ke raba wannan kaso. Shi ya sa zaɓen jami'a tun wajen cike fom yake da muhimmanci ƙwarai. Makin da zai shigar da yaro a jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta, ba lallai ya shigar da shi a wata ba.

Haka kuma mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo, 140 a 2024, 150 a 2025, ƙofar gida ce kawai, ba ɗakin likitanci ba. A jarrabawar 2025, sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna, kuma a sakamakon farko da aka fitar sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Wanda ya samu 250 ya yi ƙoƙari sosai, babu shakka. Amma masu manyan makin nan, da yawansu likitanci suke nema, don haka a can sama ake cunkoson. Ni na auna 'yata da duk ƙasa na ga ta yi fice, na manta da waɗanda za ta yi takara da su kai tsaye.

Na kuma gane cewa duk takardar gurbi da ba ta bayyana a CAPS ba, takarda ce kawai. Hukumar JAMB ta sha nanata cewa ba ta san da irin wannan gurbi ba, kuma wanda sunansa ba ya cikin kundinta yakan gamu da cikas ranar da zai tafi bautar ƙasa. Akwai kuma yaran da makinsu ya kai, amma ba a ɗora sakamakonsu na WAEC ko NECO a shafin JAMB ba, sai a tsallake su ba su sani ba. Wannan aikin minti kaɗan ne a cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Duk da haka mu gode wa Allah, mu a Adamawa an samu sauƙi. A da, yaronmu da ke son likitanci sai Maiduguri, ko Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, ko Jos. Jami'ar da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, a 2021 aka mayar da ita cikakkiyar Jami'ar Modibbo Adama mai damar koyar da likitanci, daga baya kuma aka ɗaga cibiyar lafiya ta tarayya da ke Yola ta zama asibitin koyarwarta. Wannan babban ci gaba ne. Amma kujera ko a ƙofar gidanka take, tana da iyaka.

Da na ba wani ɗan uwanmu da ke zaune a Amurka labari, sai ya yi dariya ya ce jiran nan har can akwai shi. A can sai ɗalibi ya gama digirin farko na shekara huɗu, ya rubuta wata jarrabawa mai suna MCAT, a kira shi ganawa, sannan ya jira wasiƙa. Hanyoyin zama likita biyu ne, akwai masu digirin MD, akwai masu DO. Su na biyun asalinsu daga wani likita ne mai suna Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892, kuma ana ƙara musu horo a kan gyaran ƙashi da tsoka da hannu. Na ce ashe masu ɗori ne. Ya ce a'a, cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna yin tiyata kamar kowa. Abin da ya ja hankalina shi ne, a can amsa iri uku ce: an ɗauke ka, ba a ɗauke ka ba, ko an sa ka a layin jira. Na layin jira ana iya kiransa ko da saura 'yan kwanaki a fara karatu, in wani ya bar kujerarsa. Kuma ɗalibi yana iya riƙe gurbin wata makaranta a hannu yana jiran wata. Mu a nan ba mu da wannan dama, in ka karɓa ka rufe, in ka ƙi ka saki. Shi ya sa danna wannan maɓalli yake buƙatar shawara da istihara, ba zafin zuciyar uba ba.

Bana ta sake zama, ta samu 278. Amma gidan ya canja. Na farko, na hana kowa kiranta Dakta, har mai shago na je na roƙa. Na biyu, mun yi yarjejeniya cewa ranar Litinin da Alhamis kawai za a duba shafin, ita za ta duba, kuma ni ba zan tambaya ba sai ta faɗa. Ba ƙaramin jihadi ba ne a wurina. Na uku, ba ta zauna a ɗaki ba. Da safe tana koyar da Lissafi a wata ƙaramar makaranta a unguwarmu, da yamma ta koma Islamiyya tana ƙarasa haddarta, kuma ta koyi aiki da kwamfuta da kuɗin da take samu. Ta yi ƙiba, tana dariya, ta koma faɗa da ƙannenta a kan rimot.

Na huɗu, na kai ta wurin wata likita 'yar ƙungiyarmu da wani ma'aikacin ɗakin gwaji, na fita na bar su. Su suka gaya mata abin da ni ban sani ba: cewa shekara shida ce in babu yajin aiki, kuma mun ga na 2022 da ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, cewa bayan an shiga akwai jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai a tsakiyar karatu, wasu a mayar da su wani kwas, cewa bayan an gama akwai shekarar koyon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Sun kuma nuna mata cewa matar da ke jin nauyin namiji ya duba ta, ba likita mace kaɗai take buƙata ba. Tana buƙatar nas, da ungozoma, da mai ɗaukar hoton ciki, da mai gwajin jini, da mai ba da magani.

Da ta dawo ta same ni ta ce, "Baba, na yanke shawara. Zan jira likitanci har jerin ƙarshe. Amma in aka turo mini canji zuwa aikin jinya, ko harhaɗa magunguna, ko kimiyyar ɗakin gwaji, zan karɓa. In wani abu ne daban, zan zo mu yi shawara da kai da Mama." Na ce, "Allah Ya yi miki zaɓi." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Yanzu da nake wannan rubutu, sunayen farko na bana sun fito, babu nata. Muna jiran na biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar Litinin da Alhamis ba na iya karyawa da kyau. Wani dattijon Bafulatani maƙwabcina, duk sanda ya gan ni na yi tagumi a ƙofar gida sai ya ce, "Munyal, Malam, munyal." Mu ma Hausawa mun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai dai na koyi cewa haƙurin ba zama a zuba wa waya ido ba ne.

Don haka, 'yan uwa iyaye, ga roƙona. Kada ku ba kowa ko sisi da sunan gurbi, ko wane ne ya kawo shi, ko da rantsuwa da Alƙur'ani ya zo. Kada ku ba wani baƙo lambar sirrin shafin yaranku, domin yana iya karɓa ko ƙin gurbi a madadinsu. Ku tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO. In saƙon canjin kwas ya zo, ku zauna da yaron, ku ji ta bakinsa, ku tambayi masu sani. Masu tunanin tura yaro waje kuma su bincika da kyau, mun ga yadda yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 suka dawo da ɗalibanmu gida karatu a rabi, kuma wanda ya gama a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya yi aiki a nan. Sannan mu rage tambayar yaran mutane "yaushe za a tafi?" a wurin biki da suna. Mu muna ganin gaisuwa ce, su kuwa da ita suke kwana.

Na yi magana da Shugaba, ya amince mu ware zama ɗaya bayan sallar la'asar don iyaye da ɗaliban da ke cikin wannan jira, inda likitocinmu da malamanmu na jami'a za su amsa tambayoyi kyauta. Zan sanar da rana da wuri a nan in an tsayar. Wanda kuma aka taɓa damfara irin tawa, kada ya ji kunya, ya zo, zai tarar da sakatare a layin gaba.

Kuɗin adashin maiɗakina na kusa gama biya, saura zubi biyu.

Ina roƙonku addu'a ga 'yata da duk yaranmu da ke jira. Allah Ya ba su abin da ya fi alheri, Ya sa su amfani al'umma, Ya ba mu iyaye haƙuri da hangen nesa. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya,
Jimeta.